Ɗan Gwaggo Ya Sayo Jan Baki da Kuɗinsa

Taubashi, bawana na gado, ina gaisuwa. Ina Gwaggo, ina iyali, ina mutanen Alela baki ɗaya? Baƙonka guda da ya zama goma sha ɗaya shi ma a gaishe shi, in surutunsu ya bar ka ka isar da saƙon.

Na so in rufa maka asiri, Allah ya sani. Amma tun ranar da ka sauka tashar Konni daga Yamai, keji rungume a ƙirji, ka lulluɓe shi da rawaninka, kai kuma ƙoƙon kanka tsirara cikin rana, maganar ta fi ƙarfina. Ƴan kabu-kabu sun gani, masu shayi sun gani, har wata tsohuwa mai ƙosai ta jawo ni gefe ta ce ko haihuwa aka yi maka a hanya. Tafiyar kilomita fiye da 400, ta Doso da Dogon Dutsi, keji bisa cinya. An ce yaron mota ya nemi ya ɗora shi saman kaya, ka ce sai dai kai a ɗora ka. Ni kuwa da na ɗaga gefen rawanin na leƙa, sai ga wani ɗan mitsitsin tsuntsu, tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa giram 12 ko sama kaɗan. Albasar Galmi guda, matsakaiciya, sai ta rinjayi takwas irinsa a sikeli. Ya juyo ya dube ni. Bakinsa ja wur.

Jan baki, ɗan Gwaggo! Jan baki ka sayo, da kuɗinka, da hankalinka.

Ko ka manta gonar Kaka? Hatsi ya fid da kai ya fara ido, a tashe mu tun kafin kiran assalatu, a kora mu tsaron tsuntsu. Igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, gwangwanaye rataye da tsakuwa a ciki, majajjawa a hannu, muna ihu har murya ta dishe mu koma magana da hannu kamar kurame. Su taso daga wajen fadama kamar hadari, su sauka nan, mu ruga, su tashi su sauka can. Na tuna ranar da aka bar ka kai kaɗai bisa rumfa, ka sha fura ka miƙe ƙafa, barci ya kwashe ka. Da Kaka ya zo hantsi, zangarniyar gefen gabas duk ta koma soso. Har yau in aka ambaci tsumagiyar geza sai ka shafa bayanka. Masana sun ce a duk duniya babu tsuntsun daji da ya kai jan baki yawa, ana ƙiyasta su wajen biliyan ɗaya da rabi, kuma kowane ɗaya na iya cin giram 10 na hatsi a wuni. Lissafa da kanka, tunda lissafin buhu ba ya ba ka wuya: garke mai miliyan 2 zai lashe tan 20 kafin magariba. Saboda su gwamnatoci ke tada jirgin sama ya yi feshi, nan Nijar da can Sakkwato da Kabi. Kai kuma ka tafi babban birni ka zaɓo mai jan baki, mai cin hatsi, ka yi masa ɗaki, kana auna masa daga rumbunka safe da yamma, kana tambayarsa ko ya ƙoshi.

Na san abin da za ka ce, don ka faɗe shi a tasha har jijiyar wuyanka ta tashi. “Wannan ba jan baki ba ne, mandaran ne, ɗan Ostareliya.” To, na bincika, kuma gaskiya ko ta bawa ce a ba shi abarsa. Jan baki dangin tsuntsayen nan ne masu saƙa sheƙa su rataya a reshe. Naka kuwa ɗan gidan su ba'u ne, ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa har madafa yana tsintar tsaki a gaban mata, wanda ba a taɓa sayensa ko da dala ba. Asalin naka busassun filayen tsakiyar Ostareliya, ƙasar da ruwan sama ke zuwa lokacin da ya ga dama, kamar tamu. Faransawa suna ce masa diamant mandarin, daga nan mai sayarwa ya gutsuro maka “mandaran”. Turawan Ingila kuwa sunan jakin dawa suka laƙa masa, saboda zanen fari da baƙi da ke maƙogwaron namijin. Ka ga ke nan abin nema ya samu: da ma ka daɗe kana cewa za ka sayi jaki, ga shi ka samo wanda ba ya ɗaukar ko dami guda.

Sai dai batun “ɗan Ostareliya” ka rage sauti. Tun 1960 ƙasar ta hana fitar da tsuntsayenta na daji zuwa waje. Naka a keji aka ƙyanƙyashe shi, ubansa a keji, kakan kakansa a keji. Ɗan Ostareliya ne irin yadda wasu suke Alhaji, sun ci sunan kaka amma ko filin jirgi ba su taɓa takawa ba.

Yanzu mu zo kan rowa, wadda na tabbata ba daga wajenmu ka gado ta ba. Mai tsuntsaye ya ce maka biyu-biyu ake saye, ka ɗauka dabarar ciniki ce, ka ce ɗaya ya isa a gwada. Kuɗin da ka biya har yau ka ƙi faɗa, in an tambaye ka jika nawa sai ka shiga tari. Ka kai shi Alela ka rataye a zaure, bawan Allah ya wuni yana kira, ya kwana a takure, kwana uku yana haka har maiɗakinka ta ce ko ka maida shi ko ka yi masa aure. Ba ta yi ƙarya ba. Tsuntsun garke ne, a daji da yawa suke yawo, kuma mace da namiji in sun haɗu ba su rabuwa sai mutuwa. Su kwana a manne, wannan ya gyara wa wancan gashin wuya. Kaɗaici na iya kwantar da shi ciwo. Kai da ko zuwa gona sai ka nemi abokin hira, ai bai kamata a yi maka bayanin wannan ba.

Ka aika aka kawo na biyu. Ka samo ƴar ƙwarya ka ɗaure a kusurwa, ka zuba ciyawa, ka zauna jiran ƙwai. Mako biyu shiru. Wata guda shiru. Kowace safiya ka leƙa ƙwarya ka dawo kana ƙwafa. Da aka shiga wata na biyu, na ji Gwaggo da kanta ta ce ko a karɓo wa amaryar rubutu. Sai ɗiyarka ƴar lakwal ta ari talho, ta duba hoto, ta zo ta tsaya gaban keji ta ce, “Baba, ai duk maza ne.” Mutumin da ke gane tunkiya mai ciki daga nesa a kasuwar Badagishiri, ya shafe wata biyu yana jiran namiji ya yi ƙwai.

Ga shi kuwa Allah bai ɓoye abin ba. Namiji na da tabo ruwan lemu a kowane kunci kamar an shafa masa lalle, da zanen nan a wuya, da baƙin layi a ƙirji, haƙarƙarinsa ja-ja da ɗigon fari irin na zabo, baki kuma ja sosai. Macen toka-toka ce, ba kwalliya, bakinta ruwan lemu. Akwai farare fat da masu kiwo suka fitar, su kam sai a dubi baki, wanda ya fi ja shi ne namiji. In duk wannan ya shige maka duhu, ka kasa kunne, namiji kaɗai ke waƙa.

Waƙar ma ai da ita aka yaudare ka. Ka zaci irin ta kanari ce, wadda muke kamawa muna yara mu sa a kejin kara, ta saki murya tun daga safe har mutum ya tsaya da tafiya. Ranar da na zo Alela ka shimfiɗa mini tabarma gaban keji, ka ce in yi shiru in ji abin mamaki. Na yi shiru. Sai na ji wani abu kamar yaro ya samu ƙahon keke na roba yana matsawa, ya matsa, ya ƙara matsawa, amo ɗaya ba canji. Ka dube ni kana murmushi kamar kai ka koya masa. Na ce madalla, don a gidanka nake kuma ba a kawo tuwo ba tukuna.

Amma fa wannan ƴar waƙar da na rena, ita ta kai shi manyan jami'o'in duniya. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to a kan wannan maganar ta zauna daram. Ɗan namiji ba a haihuwarsa da waƙa. Yana kai kamar wata guda sai ya fara sauraron ubansa, ya riƙa gwadawa yana gwaranci irin na yaron da ke koyon magana, yana gyarawa, har ya kai wajen kwana 90, sannan waƙar ta daskare, ita zai yi ta yi har ya mutu. Wanda ya tashi bai ji babba ba, tasa takan fito a karkace. Don haka masu binciken ƙwaƙwalwa ke kiwonsa dubbai, suna neman gane yadda ɗan Adam ke koyon harshe. A 2010 aka gama karanta dukkan ƙwayoyin halittarsa, shi ne tsuntsu na biyu da aka yi wa haka, bayan kaza. Roƙona ɗaya, in ƙananan sun shiga kwanakin koyo, ka daina rera waƙar noman nan taka kusa da zaure. Abin da ya daskare a kwana 90 ba ya gyaruwa, kuma su ba su yi maka laifin komai ba.

Wani binciken ya fi ba ni dariya. A 2016 masana a jami'ar Deakin ta Ostareliya suka bayyana cewa in zafi ya haura digiri 26, mai kwanci kan yi wani kira na musamman, da sauri-sauri, a kwanakin ƙarshe kafin ƙyanƙyasa, kuma ƴaƴan da suka ji kiran daga cikin ƙwai sukan tashi da ƙaramin jiki, wanda ya fi dacewa da zafi. Digiri 26! Mu nan a 26 ake fiddo rigar sanyi, tsofaffi su nemi garwashi. In watan Afrilu ya kama, Konni ta haura 40, naka sai sun yi kira har sun suma.

Da ka samo macen ta gaskiya, ai ka ga abin da ka roƙa. Ƙwai huɗu zuwa shida, kullum ɗaya. Uwa da uba su riƙa karɓeɓeniyar kwanci kamar mako biyu. Ƴaƴan su fito tsirara, bayan mako uku su bar sheƙa da baƙin baki, a mako biyar su ci da kansu, wata uku kuwa su ma sun isa aure. A daji sai ruwa ya sauka ciyawa ta yi iri suke haihuwa. A zaurenka da hatsi ba ya yankewa, su a ganinsu kullum damana ce. Zubi biyu, huɗu-huɗu, ga ka da goma sha ɗaya, har da tuzurun nan na biyu da ma'auratan ke kora daga wannan sanda zuwa waccan. Ɗauki alli ka ci gaba da lissafin zuwa baɗi, ka gaya mini ko rumbun da ka cika bana zai kai ku bazara, kai da su.

To saurara, don ubangida ba ya barin bawansa cikin duhu. Cire ƙwaryar nan. In babu sheƙa haihuwar za ta lafa, barci kuwa a kan sanda ma suna yi. Macen da ke zuba ƙwai ba hutu jikinta ke zuƙewa, wata rana ƙwai ya maƙale mata, ka wayi gari ka tarar da ita a ƙasan keji ta kumbura gashi, kafin azahar ta tafi. Zubi biyu ko uku a shekara ya isa. Ka dafa ɓawon ƙwan kaza, ka shanya, ka daka, ka ajiye musu a ɗan murfi, shi ke maida mata abin da ƙwai ya ɗebe. Ƙananan kuma ka raba maza da mata kafin bakinsu ya gama juyewa. Auren taubasai mun san shi, albarkarsa ma muke ci, amma wa da ƙanwa ba a yi, ko a tsuntsaye iri ke lalacewa. Ka nemi wani mai kiwo ku yi musanya, tuzurun nan ma a samo masa tasa. In za ka sake ba su kayan sheƙa, busasshiyar ciyawa mai laushi kawai. Zaren da na ga ka tsinto daga wajen tela yana naɗe musu yatsu har yatsa ya mutu. Kuma da zarar an fara ƙwai ka janye ciyawar, don namijin gwanin gini ne marar tunani, sai ya ɗora sabuwar sheƙa bisa ƙwan ya binne su. Ya tuna mini wani da ya yi ɗaki bisa bakin rijiya, ba zan faɗi suna ba.

Kejin da ka rungumo daga Yamai dogo ne sama kamar hasumiya, ga ado, ga ƙararrawa. Araha ba ta ado, amma wani adon ma ba ya aiki. Wannan tsuntsu ba ya hawa kamar aku, tashi yake yi daga gefe zuwa gefe, saboda haka faɗi yake so. Ka sa maƙeri ko mai walda ya yi maka mai tsawon kamu biyu a kwance, ko fiye, tunda yanzu gari guda gare ka. Tsakanin waya da waya kada ya wuce santimita ɗaya, in ba haka ba ko ya fice ko ya saƙale kai. Sanduna na reshen itace, wani siriri wani mai kauri, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, tsakiya a bar musu fili. Ka rataye shi inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukansa, nesa da katangar da kyanwar Gwaggo ke bi, don na ga yadda take zama ƙarƙashinsa tana lumshe ido kamar mai tasbihi. Ɓera ma na shiga da dare, kiyashi kuma na bin igiya ya cinye ƴaƴa a sheƙa. In hunturu ya busa, rawanin nan naka ya koma aikinsa na tasha, ka rufe su da dare.

Abinci kuwa, hatsi zalla ba ya riƙe su, kamar yadda kai ma ba ka yarda da tuwo ba miya. Ka ɓarza hatsin ya zama tsaki, ka haɗa da acca in ka samu, da irin ciyawar daji da yara za su zago maka bayan damana, wanda shi ne abincinsu na asali. Ɗan ganyen salati daga garaken Konni, wankakke, da ɗan karas gogagge, da dafaffen ƙwai kaɗan sa'ad da suke ciyar da ƴaƴa. Su ɓare ƙwaya suke yi su bar ƙaiƙayi a sama, sai ka ga kwano cike alhali ba komai ciki, don haka kullum ka hura ka duba. Ruwa sabo kowace safiya, da wani a faranti marar zurfi don wanka, za ka sha kallo. Ka lura da yadda suke sha: kaza takan kurɓa ta ɗaga kai sama, su kuwa tsoma baki suke yi su zuƙa kamar tantabara, ba ɗagowa. Da na gani na ce lalle gidan da ya dace suka zo, haka kake yi wa ƙwaryar fura.

Abu ɗaya zan faɗa ba da wasa ba: albasa guba ce gare su, tana lalata musu jini. Na san ka, tun da ka fara sarin albasa a Galmi kake ganin babu cutar da ba ta magani, har ciwon ido. Kada ka gwada. Haka goro, da ganyen shayi, da gishiri, da fiya. Hayaƙi ma kisa yake yi, huhunsu ba ya ɗaukar abin da namu ke ɗauka. Turaren wutan maiɗakinka, da maganin sauro na kunnawa, da na fesawa, duk a yi nesa da su. Maganin ƙwarin wake da ka jingine a zaure kuwa, yau ɗin nan ka fid da shi.

Burinka na ya sauka bisa yatsanka, ya riƙa cewa “sannu da zuwa Alhaji” in ka shigo, ka binne shi. Ba aku ba ne, ba ya magana, ba ya son hannu. In ka kama shi zuciyarsa bugawa take kamar za ta fashe. Na kallo ne da saurare, kuma in ka riƙe shi da kyau zai yi shekara biyar zuwa bakwai tare da kai, wani ma ya wuce.

Ranar nan da ƙaiƙayi ya cika zaure maiɗakinka ta yi faɗa, na ji ka ce wata rana za ka buɗe keji kowa ya kama gabansa. Kul. Tsuntsun da kakanninsa ba su san daji ba, bai san inda ruwa yake ba, bai san shaho ba, ba zai ga magariba ta biyu ba. Ka tambayi liman: malamai sun halatta riƙe tsuntsu a keji, suna kafa hujja da Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan zolaye shi da tambayar labarin tsuntsun. Amma liman ɗin zai ƙara maka da labarin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, da inda hakan ya kai ta. Kai ka ɗauko su, ba su suka biyo ka ba.

In zolayar nan ta yi maka zafi, ka kai ƙara inda ka ga dama. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin al'adun duniya da ake tattali, ka ga ke nan da izini nake yi. Kuɗin sharanka na bana ma na riga na yanke: tiya biyu ta tsaki, ba ko dala a kai, tunda na san bakin da za su shiga.

Saura magana guda, kuma kada ka yi mini dariya a gaban mutane. Tun da muka dawo daga Alela autata ba ta bar ni na yi barci ba, har ta share wuri a inuwar darbejiya, ta wanke murfin kwalba biyu ta ajiye. Laraba mai zuwa in za ka shigo kasuwar Konni, ka taho mini da biyu. Kuɗi kuwa kada ka soma, bawa da abin hannunsa duk na ubangida ne. Mace da namiji nake so, kuma ɗiyarka ce za ta zaɓa, ba kai ba.